Olsa: Tarihin Sunan da Ya Riga Bincike Isowa

A ƙasar Zuru, kamar sauran sassan Arewa, da wuya a sami sunan cuta na aro da ya zauna daram a bakin jama'a kamar olsa. Manomi a Dabai, malamin makaranta a Mahuta, 'yar kasuwa a Ribah, duk wanda ya ji zafi a ƙahon zuciyarsa ko ƙwannafi ya taso masa, amsarsa ɗaya ce: olsa ce ta motsa. Mai kemis ma ba ya musu. Zai miƙo kwalbar farin ruwan magani da katin omefurazol, ya haɗa da gargaɗin da kowa ya haddace, wato kada a zauna da yunwa, a rage yaji, a riƙa shan madara.

A wurin likita kuwa, ma'anar kalmar ba ta kai haka faɗi ba. Olsa gyambo ne na zahiri, miki da ya ci fatar cikin tumbi ko ta farkon ƙaramin hanji, kuma ba a tabbatar da shi sai an gan shi. Binciken da aka yi da na'urar leƙa ciki a ƙasashe da dama ya nuna cewa mafi yawan masu kukan zafin ciki na sama ba su da gyambo ko kaɗan. Wasu kuma, 'yan kaɗan, suna ɗauke da abin da ya fi gyambo muni. Tazarar da ke tsakanin sunan da ke bakin mutane da cutar da ke cikinsu tana da tarihi, kuma wani muhimmin babi na tarihin a Arewacin Najeriya aka rubuta shi.

Kafin zuwan asibiti

Ciki ya daɗe da zama babban fage a magungunan ƙasar Hausa. Akwai sunaye daban-daban na abin da ke damunsa: ƙwannafi, kumburi, ƙullewa, gudawa, atuni, basir, tsutsar ciki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa ƙananan littattafai na Larabci a kan magani, cikinsu har da na basir, da na tsutsotsin ciki, da na amfani da filasko domin wanke ciki. Wannan ya nuna irin matsayin da ciwon ciki yake da shi a idon malamai tun kafin zuwan Turawa. A 1982, masu bincike biyu daga Amurka, Nina Etkin da Paul Ross, sun buga sakamakon nazarin da suka yi a wani ƙauye na ƙasar Kano, inda suka nuna cewa da yawa daga tsirran da ake shan su domin ciwon ciki su ne kuma ake ci a matsayin abinci, har ya zama da wuya a ja layi tsakanin tukunyar miya da tukunyar magani.

A cikin waɗannan magunguna, kanwa ta cancanci a tsaya a kanta. Gishirin ƙasa ce mai sinadarin soda, kuma aikinta a cikin tumbi shi ne kashe kaifin asid, ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Tsohuwar da ta jiƙa wa jikanta jar kanwa domin ƙwannafi tana yin abin da likitocin Turai na farkon ƙarni na 20 suke yi da garin soda. Dukkansu suna kwantar da zafi na ɗan lokaci, kuma babu wanda ya san dalilin da ya sa ciwon yake dawowa.

Zamanin asid da madara

A 1910 wani likitan fiɗa mai suna Karl Schwarz ya kafa ƙa'idar da ta mallaki tunanin likitoci shekaru saba'in: inda babu asid, babu gyambo. Daga nan duk dabara ta koma kan yadda za a rage asid. A 1915 Bertram Sippy, likita a birnin Shikago na Amurka, ya fito da tsarin jinya wanda ake bai wa majinyaci madara da kirim sa'a bayan sa'a, ana haɗa masa da garin soda a tsakani, har na tsawon makonni. Aka ƙara da ra'ayin cewa damuwa da yawan tunani su ne ke sa tumbi ya zubo asid fiye da ƙima, har aka riƙa kallon gyambon ciki a matsayin cutar manyan ma'aikata da 'yan kasuwa. Wanda madara ta gaza a kansa sai a kai shi ɗakin fiɗa. A 1943 Lester Dragstedt, shi ma a Shikago, ya fara yanke jijiyar da ke umartar tumbi ya samar da asid, aikin da ya zama ruwan dare a asibitocin duniya shekaru da yawa bayan haka.

Wannan ilimi ne ya iso Arewa ta hannun asibitocin gwamnati da na mishan, irin su Asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi da asibitin mishan na Tungan Magajiya a ƙasar Rijau, maƙwabciyar Zuru. Hanyar gano cutar a lokacin ita ce a saurari majinyaci, a danna cikinsa, in akwai na'urar ɗaukar hoton ƙashi a ba shi farin kunun bariyam ya sha, a ɗauki hoton inuwar tumbinsa. Ma'aikatan jinya da malaman asibiti suka koyi gargaɗin madara da gujewa yunwa, suka koyar da shi ga jama'a, jama'a kuma suka riƙe shi da kyau. Abin da ake ji a kemis yau gadon Sippy ne na 1915, wanda ya ci gaba da rayuwa bayan likitanci ya yi watsi da shi. An gano daga baya cewa madara tana sanyaya ciki na 'yan mintoci, sannan furotin da kalsiyam da ke cikinta su zaburar da tumbi ya ƙara zubo asid.

Taswirar 1975

Tambayar farko da masana suka yi game da Afirka ita ce: a ina cutar take? A 1975 Frank Tovey da abokin aikinsa Tunstall suka buga wani nazari a mujallar Gut ta Ingila, bayan sun tattara bayanai daga asibitoci masu yawa a kudu da Sahara. Taswirar da ta fito ta nuna gyambon farkon hanji ya yi yawa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, inda ake cin doya da rogo, da kuma tsaunukan Ruwanda da Burundi, amma ya yi ƙaranci a yankin dawa da gero na arewa. Ƙasar Zuru, wadda dawa ce ƙashin bayan abincinta, tana cikin wannan yanki. Tovey ya karkata ga ra'ayin cewa akwai wani abu a cikin hatsin da ba a cire masa dusa ba wanda yake kare fatar tumbi.

Taswirar tana da rauni guda wanda ya bayyana daga baya. An gina ta a kan littattafan asibiti da ƙidayar fiɗa, alhali asibitoci da likitocin fiɗa sun fi yawa a kudu nesa ba kusa ba. Mutumin da gyambo ya huda masa hanji a wani ƙauye na Sakaba, ya rasu kafin a kai shi gaban likita, bai shiga lissafin kowa ba.

A wannan tsakani kayan aiki suna canzawa. A 1957 Basil Hirschowitz, a Jami'ar Mishigan, ya ƙera bututu mai lanƙwasa wanda ke ɗauke da haske zuwa cikin tumbi, ya fara gwada shi a kansa kafin ya zura wa majinyaci. Wannan ce na'urar endoskofi, wadda ta bai wa likita damar ganin gyambo da idonsa, ya kuma tsinko ɗan nama domin a duba. A 1976 simetidin ya shigo kasuwa da sunan Tagamet, sakamakon aikin James Black, wanda ya sami kyautar Nobel a 1988. Ranitidin ya biyo baya a 1981, omefurazol kuma a 1988 daga ƙasar Suwidin. Waɗannan magunguna suna warkar da gyambo cikin makonni, kuma sun rage fiɗa ƙwarai. Sai dai da zarar an daina shan su, yawancin majinyata gyambonsu yakan dawo kafin shekara ta zagayo. An bar jaki ana ta dukan taiki, ba tare da an sani ba.

Abin da aka gani a Perth

A 1979 Robin Warren, masanin duba nama a Asibitin Royal Perth na Ostireliya, ya lura da wasu ƙwayoyin bakteriya masu siffar murɗaɗɗiyar igiya a jikin naman da aka tsinko daga tumbin majinyata, kuma duk inda suke akwai kumburi. Littattafan lokacin sun ce babu ƙwayar da za ta rayu a cikin asid. A 1981 wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗa hannu da shi. Sun yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar a ɗakin gwaji ba nasara, domin ana zubar da faranten reno bayan kwana biyu, sai a hutun Ista na 1982 aka bar su kwana biyar, ƙwayar ta tsiro. A nazarinsu na majinyata 100, wanda mujallar Lancet ta buga a 1984, duka mutum 13 da ke da gyambon farkon hanji suna ɗauke da ita. Da manyan likitoci suka ƙi gamsuwa, Marshall ya shanye ruwan da aka rena ƙwayar a ciki a wannan shekara. Cikin 'yan kwanaki ya kama amai, na'ura kuma ta nuna tumbinsa, wanda yake lafiya lau kafin nan, ya kumbura.

Sirrin ƙwayar shi ne tana fasa sinadarin yuriya ta fitar da amoniya, wanda ke kashe kaifin asid a kewayenta. Wato tana jiƙa tata kanwar, ta shige ƙarƙashin majinar da ke lulluɓe fatar tumbi, ta zauna shekara da shekaru. A 1989 aka raɗa mata sunan Helicobacter pylori. A 1994 cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka amince cewa duk mai gyambo da ke ɗauke da ita a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shekarar ce kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Warren da Marshall suka karɓi Nobel a 2005. Cutar da ake jinya har mutuwa ta koma wadda za a iya rabuwa da ita cikin mako biyu.

Kacici-kacicin Maiduguri

Yayin da ake wannan muhawara a Turai da Amurka, wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Chris Holcombe, yana aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da B. A. Omotara, suka ɗebi jinin mutanen gari waɗanda aka zaɓo ba tare da duba ko suna da ciwo ba. Kimanin 85 cikin 100 sun nuna alamar kamuwa da ƙwayar, kuma yawancinsu tun suna yara ƙanana suka kamu. Amma a asibiti, gyambo da ciwon dajin tumbi ba su yi yawan da ya dace da wannan adadi ba. A 1992, shekara guda bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi, Holcombe ya buga wata gajeriyar maƙala a mujallar Gut, ya kira lamarin kacici-kacicin Afirka. Sunan ya bi duniya, kuma har yau ana ambatonsa a duk inda ake koyar da tarihin wannan ƙwaya.

Masana suka bazama neman amsa. Wasu suka koma ga abinci, kamar yadda Tovey ya yi. A 2000 James Fox da abokan aikinsa a Amurka suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa kasancewar tsutsar ciki tana sauya yadda garkuwar jiki ke yaƙar ƙwayar, har lalacewar tumbi ta ragu. Wasu suka duba asalin ƙwayar kanta: wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2007 ya nuna cewa ta fita daga Afirka tare da ɗan Adam kimanin shekaru 58,000 da suka wuce, don haka mai yiwuwa doguwar zama ta sa an saba da juna.

Sai a 2005 Agha da David Graham suka tattara binciken endoskofi da aka yi a ƙasashen Afirka a kan masu kukan zafin ciki. Suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu na da gyambon farkon hanji, kuma ana samun ciwon daji gwargwadon yadda ake samu a wasu wurare da yawa. Hukuncinsu shi ne babu wani kacici-kacici. Abin da ake da shi ƙarancin na'ura ne, da ƙarancin rajistar masu ciwon daji, da kuma gajeren rai, tunda dajin tumbi ya fi kama wanda ya manyanta. Muhawarar ba ta mutu ba, amma ta bar darasi ɗaya wanda kowane ɓangare ya yarda da shi: a inda ba a dubawa, rashin gani ba ya zama shaidar lafiya.

Abin da ya rage a gaban likita

Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya. Kimanin 10 zuwa 20 cikin 100 na masu ita ne ke samun gyambo a tsawon rayuwa, 1 zuwa 2 cikin 100 kuma ciwon daji. Tana yaɗuwa ne a cikin gida lokacin ƙuruciya, inda cunkoso ya yi yawa kuma ruwa mai tsafta ya yi ƙaranci.

Sakamakon Maiduguri yana da tasiri kai tsaye a kan gwajin da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji. Gwajin jini na gaggawa yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, amma ba ya bambance tsohon kamu da na yanzu, kuma yakan ci gaba da nuna alama ko bayan an warke. A al'ummar da takwas cikin goma za su nuna alama, takardar da ta ce an ga olsa a jini ba ta faɗi komai game da gyambo ba. Gwajin da ke nuna ƙwayar tana nan da rai shi ne na bayan gida ko na numfashi, kuma sai an dakatar da omefurazol mako biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta mako huɗu, kafin a yi shi. In an same ta, magani haɗi ne: mai rage asid tare da nau'i biyu na maganin kashe ƙwayoyi, kamar amoksisilin da kilaritiromaisin, ko haɗi mai huɗu wanda ya ƙunshi bismut, na kwana 14 cur. Bayan aƙalla mako huɗu da gamawa sai a sake gwaji domin a tabbatar ta mutu.

A nan wata sabuwar matsala ta taso. Binciken da aka yi a Najeriya ya sha nuna cewa ƙwayar ta daina jin metironidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, saboda yadda ake shansa a kan kowace gudawa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'in da ya bijire wa kilaritiromaisin cikin jerin ƙwayoyin da ake buƙatar sabon magani a kansu cikin gaggawa. Duk wanda ya sha haɗin kwana uku ya ajiye domin zafi ya lafa, ya ƙara wa ƙwayar horo ne.

Sababi na biyu na gyambo ya shafi ƙasar Zuru musamman, ƙasar da aka san mutanenta da ƙarfin noma tun zamanin golmo. Magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibufurofen, dikulofenak da firoksikam suna raunana kariyar fatar tumbi. Haɗin maganin gajiya da ake ƙullawa a leda bayan an taso daga gona yakan ƙunshi biyu ko uku daga cikinsu a lokaci ɗaya. Ga dattijo, wannan na iya kaiwa ga zubar jini ko hudewar hanji ba tare da wani dogon gargaɗi ba. Yunwa kuwa, ko ta azumi ce ko ta rashi, tana tsananta zafin gyambon da ke nan, amma ba a tabbatar ita ke haifar da shi ba. Haka ma yaji.

Babban haɗarin sunan olsa shi ne abin da yake rufewa. Omefurazol yakan lafar da zafin dajin tumbi na ɗan lokaci, majinyaci ya yi watanni yana ganin sauƙi ya samu. Ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kimanin 8 cikin 100 na manyan Najeriya, yakan kai ga ƙanƙancewar hanta ko dajinta, kuma zafinsa a wuri ɗaya yake da na gyambo. Tsakuwar matsarmama takan yi kama da shi. Toshewar jijiyar zuciya ma, musamman ga mai ciwon sukari ko hawan jini, takan zo da siffar ƙwannafi. Shi ya sa likitoci suka ware alamomin da ba a jira a kansu: rama ba dalili, wahalar haɗiye abinci, amai mai naci, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ƙarancin jini, ƙullutu a ciki, ko zafin ciki da ya fara sabo ga wanda ya haura shekara 55 zuwa 60. Mai ɗaya daga cikin waɗannan na'urar leƙa ciki yake buƙata, ba canjin kwalba ba.

Na'urar da ƙwararrun da ke sarrafa ta sun fi taruwa a manyan asibitocin koyarwa, irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Aminu Kano. Ga mutumin Danko-Wasagu ko Fakai, wannan yana nufin kuɗin mota da na masauki da na gwaji, a kan hanyoyin da rashin tsaro ya sa ake bin su da fargaba. Saboda haka nauyin tantance wanda za a yi wa magani a gida da wanda za a tura gaba yana kan likita da ma'aikacin jinya na babban asibitin Zuru da ƙananan asibitocin karkara, kuma kayan aikinsu na farko har yanzu su ne tambaya mai kyau, da ma'aunin nauyi, da gwajin yawan jini.

Fiye da shekaru 40 ke nan da aka san abin da ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, fiye da 30 kuma da aka auna yawan ƙwayar a Arewa. Mutumin da ya ce ya shekara goma yana fama da olsa, ɗayan uku ne: ko yana da ƙwayar da za a iya kashewa cikin kwana 14 amma ba a taɓa nemanta yadda ya kamata ba, ko yana shan maganin da ke ci masa tumbi, ko kuma ciwonsa wani ne daban da ba a taɓa kiran sunansa ba. Kowanne daga ciki yana da hanyar ganowa. Tambayar da ta dace a yi wa duk wanda ya ambaci olsa, a gida ko a asibiti, ita ce wane ne ya gan ta, kuma da wane gwaji.